Daga Aji Zuwa Teburin Ƙulla Kaya: Nazarin Lamarin Makarantar Birch a Jihar Rhode Island

A birnin Providence, hedikwatar Rhode Island, jiha mafi ƙanƙanta a Amurka, akwai wata sakandaren gwamnati mai suna Mount Pleasant. A cikinta aka keɓe wani sashe da ake kira Birch don ɗalibai 'yan shekara 14 zuwa 21 masu nakasar fahimta, irin larurorin da mukan haɗa su a baki ɗaya mu ce galahanga. A shekarar 2013 ɗaliban sashen sun kai kimanin 85. Kusan kullum akan yanki darasi ɗaya ko biyu daga lokacin karatunsu a kai su wani ɗaki a cikin makarantar, su zauna suna zuba kayan ado a leda, suna manna musu takarda, suna haɗa wannan da wancan. Duk aikin kwangila ne da kamfanonin waje suke kawowa. Wani a biya shi santi 50 a awa, wani ya kai dala 2, wani kuwa ko sisi.

Ba a ɓoye ake yi ba. Sunan abin horon sana'a, kuma an ɗebi shekaru ana yinsa. Abin da ya ja hankalina ga lamarin shi ne, dokar da ta wajabta a zauna a tsara wa kowane ɗalibi mai nakasa yadda zai fita daga makaranta ya shiga rayuwar manya ta girmi duk yaran da ke zaune a ɗakin nan. Doka tana nan, malamai suna nan, kuɗi suna fita, amma an riga an zaɓa wa yaran inda za su ƙare tun kafin a tambaye su.

Abin da doka ta tanada

A 1975 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar da ta ba kowane yaro mai nakasa haƙƙin karatu kyauta a makarantar gwamnati. A 1990 aka sake mata fasali, aka sa mata sunan da aka fi saninta da shi a taƙaice, IDEA, kuma a lokacin ne aka shigar da batun shirin fita. Kowane irin wannan ɗalibi yana da takardar tsarin karatunsa shi kaɗai, wadda suke kira IEP, iyaye da malamai ne ke zama su rubuta ta, a kuma sabunta ta duk shekara. Dokar tarayya ta ce kafin yaro ya cika shekara 16 dole takardar ta ƙunshi inda ya dosa bayan makaranta: ƙarin karatu ko horo, aikin yi, da zaman kansa idan da buƙata. Ta ce burin ya zama abin da za a iya aunawa, a gina shi kan gwajin da aka yi wa yaron, a kuma gayyace shi kansa zuwa zaman. Wasu jihohi sun ga 16 ya yi latti, suka ce a fara daga 14. Rhode Island tana cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a takarda jihar ta san da haka.

Dalilin wannan gaggawa yana da sauƙin ganewa ga wanda ya san yadda tsarin yake a can. Muddin yaro yana makaranta, har ya kai shekara 21, hidimar da ake yi masa haƙƙinsa ce, makaranta ba ta da ikon cewa ba ta da hali. Ranar da ya fita, magana ta canza. Hukumomin da ke kula da manya sai an nema, sai an cika takardu, sai an tantance, wani lokaci sai an jira. Yana cika 18 kuma doka ta ɗauke shi baligi, ikon sa hannu ya koma hannunsa, hukumar da ke ba shi kuɗin tallafin nakasa ta sake auna shi da ma'aunin manya. Uwar da ta saba motar makaranta tana tsayawa a ƙofar gida kowace safiya shekara goma sha wani abu, wata rana sai gari ya waye motar ba ta zo ba, ga ɗa namiji ko 'ya mace ɗan shekara 21 a zaune, ita kuma tana da wurin aikin da za ta je. Duk wanda ya miƙo mata wurin da zai riƙe yaron daga safe zuwa yamma, da wuya ta tsaya ciniki.

Inda hanyar ta ɓulle

A garin North Providence da ke maƙwabtaka, a lokacin akwai wata cibiya mai suna Training Thru Placement, ana ce mata TTP. Irin wuraren nan ne da ake killace masu nakasa su yi aiki su kaɗai, ba sa cuɗanya da kowa sai masu lura da su. Mutum kimanin 90 ne a cikinta a 2013, suna naɗe rimot ɗin talabijin a leda, suna shirya kayan asibiti a kwali, suna tsince kayan ado da hannu. Matsakaicin abin da suke samu dala 1 da santi 57 a awa. An samu wanda ake biyansa santi 14. A shekarar, mafi ƙarancin albashi a jihar dala 7 da santi 75 ne a awa, ke nan mai santi 14 sai ya yi awa 55 kafin ya tara abin da ɗan'uwansa mai share kanti yake samu a awa guda. Sunan cibiyar yana nufin horo har a samar wa mutum wurin aiki, amma yawanci wanda ya shiga sai ya yi shekara 15 zuwa 30 a ciki.

Mai karatu zai tambaya ko wannan ba karya doka ba ne ƙarara. Amsar tana da ɗan ɗaure kai. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 tana da wani sashe, 14(c), da ya yarda a biya mai nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi idan mai wurin ya karɓi takardar izini daga Ma'aikatar Ƙwadago. Ga yadda lissafin yake: a duba abin da ake biyan mai cikakkiyar lafiya a irin aikin a yankin, a sa agogo a auna saurin mai nakasar, a biya shi gwargwadon abin da ya fitar. Idan kuɗin aikin dala 10 ne a awa, shi kuma ya yi kashi 30 cikin 100 na abin da wancan zai yi, a ba shi dala 3. An yi sashen ne da niyyar buɗe wa nakasassu ƙofa, amma ma'auni ne da mai biya ke riƙe da shi, mai karɓa kuma sau da yawa bai iya lissafin ba. Da jami'an Ma'aikatar Ƙwadago suka binciki TTP, sai suka tarar ko wannan lissafin ma ba a bi shi yadda ya kamata ba. Suka sanar da Ma'aikatar Shari'a, ita kuma ta buɗe nata binciken a farkon 2013, daga baya kuma aka ƙwace takardar izinin.

Masu binciken suna bin sawun yadda mutane suke zuwa TTP, sai sawun ya kai su Birch. Aikin da yaro yake yi a ɗakin makaranta yana ɗan shekara 15 kusan shi ne aikin da zai tarar a TTP yana ɗan shekara 22. A tsawon shekaru, 'yan ƙalilan ne daga ɗaliban Birch suka taɓa samun aiki a cikin jama'a. Ba a kai su kanti ko asibiti ko otal su gwada hannunsu, ba a zaunar da su a ji abin da ransu yake so, kuma akasarinsu suna fita ne da takardar shaidar halarta maimakon shaidar kammala sakandare.

Ni a ganina nan ne cibiyar maganar, kuma ba na jin muguntar wani ce ta haife ta. Malamin da ya sa yaro a teburin ƙulla kaya yana iya kasancewa yana son yaron har zuciya. Ya dube shi ne ya yanke cewa iyakarsa ke nan, sai ya shirya shi don wannan iyakar, kuma ya shirya shi da kyau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to amma ina aka tanƙwara shi ya fuskanta? Yaron da bai taɓa ganin wani aiki ba sai zuba kaya a leda, idan aka tambaye shi a zaman IEP me yake so ya yi, zuba kaya a leda zai ce. A rubuta, a sa hannu, a ce ai shi ya zaɓa. Kalmar da aka fi ji a irin waɗannan wurare ita ce "bai shirya ba tukuna", kuma mutum yana iya furfura ana ce masa bai shirya ba, domin wurin da ake cewa yana shirya shi ba ya koyar da abin da ake buƙata a waje: hawa motar haya, gaisawa da abokin ciniki, karɓar gyara daga shugaban da ba malaminka ba, sanin lokacin da za ka ce ban gane ba.

Hujjar da aka kafa

Ma'aikatar Shari'a ba ta tsaya kan kuɗi ba. Ta ɗauko dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990, ADA, da hukuncin Kotun Ƙoli na 1999 a shari'ar Olmstead. A waccan shari'a mata biyu ne a jihar Jojiya, Lois Curtis da Elaine Wilson, aka ci gaba da tsare su a asibitin ƙwaƙwalwa bayan likitoci sun ce za su iya zama cikin jama'a. Kotu ta ce keɓe mai nakasa ba tare da dalili ba wariya ce. Shekaru da dama an fi amfani da hukuncin kan wurin kwana. A Rhode Island sai aka ce ai wurin yini ma haka ne: mutum yana iya kwana a gidan iyayensa amma ya yini a killace shekara 30. Aka ƙara da cewa ɗaliban Birch, ko da ba su shiga TTP ba tukuna, makaranta ta riga ta ɗora su kan hanyar, wannan ma laifi ne a ƙarƙashin dokar.

A watan Yunin 2013 Ma'aikatar Shari'a da jihar da birnin Providence suka sa hannu kan yarjejeniyar wucin gadi game da Birch da TTP. Aka rufe ɗakin aikin makarantar. Daga baya hukumar makarantun birnin ta amince ta biya ɗalibai 60 bashin haƙƙinsu, sama da dala 250,000.

Bincike bai tsaya nan ba, domin da aka faɗaɗa shi sai aka ga Birch ba ita kaɗai ba ce. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu nakasar fahimta da jihar ke biya wa hidimar yini suna killatattun wurare ne, matsakaicin abin da masu aiki a cikinsu ke samu dala 2 da santi 21 a awa. Cikin matasan da suka bar sakandare tsakanin 2010 da 2012, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka shiga aiki cikin jama'a. A watan Afrilun 2014, zamanin Gwamna Lincoln Chafee, aka ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da ta shafi jihar baki ɗaya, irinta ta farko a Amurka, ƙarƙashin idon kotun tarayya. Ta shafi mutum kimanin 3,250. Kimanin 2,000 za a nema musu aiki na gaske, sauran kimanin 1,250 kuwa matasa ne 'yan 14 zuwa 21 da ke makaranta.

Me aka canza a shirin yaro

Aiki na gaske a yarjejeniyar yana da ma'ana ƙayyadadda: a cikin jama'a, tare da abokan aiki marasa nakasa, albashi bai gaza mafi ƙaranci ba, kuma a dunƙule a kai matsakaicin awa 20 a mako. Sauran lokacin ma kada a mayar da mutum ɗaki a kulle, a taimaka masa ya shiga harkokin gari.

Ga ɗan makaranta, abin da ya fi muhimmanci shi ne gwaji. Tun daga shekara 14 za a fara rubuta masa tsarin sana'a wanda ya taso daga shi kansa, abin da yake so da abin da hannunsa ya iya. Kafin ya fita kuma sai an kai shi ya gwada aiki a wuraren aiki na ainihi, ba sau ɗaya ba, kowane gwaji na tsawon makonni. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin yana tona abin da jarrabawar aji ba ta tonawa. Yaron da ba ya iya zama minti goma a kujera yana iya zama gwanin jera kaya a sito. Yarinyar da ba ta cika magana ba tana iya riƙe tsarin tsabtace kayan aiki fiye da kowa, domin ba ta tsallake mataki. Wani kuma a kai shi wurin da kowa ya zata zai so, ya ce shi fa hayaniyar ta ishe shi. Wannan ma sakamako ne, gara a san shi yana 17 da a san shi yana 22.

Akwai kuma mai rakiya, ma'aikacin da ke bin matashin wurin aiki ya tsaya kusa da shi, ya kakkarya masa aikin gunduwa-gunduwa, ya fahimtar da mai wurin yadda zai yi magana da shi, sannan ya riƙa ja da baya a hankali har a daina ganinsa sai jefi-jefi. Wanda ya taɓa kai ƙanensa shagon tela ko garejin makaniki ya damƙa shi, ya riƙa leƙowa yana tambayar maigidan yaya yaron yake, ya san rabin wannan aikin.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba shi ne lissafin tallafi. Iyalai da yawa sun dogara da kuɗin tallafin nakasa na wata-wata da inshorar lafiya ta Medicaid, kuma ƙa'idar tallafin ta hana mutum ya mallaki fiye da dala 2,000. Uba yana iya ƙin yarda ɗansa ya karɓi aikin albashi don tsoron kada a yanke inshorar da ke biyan maganinsa. Tsoron yana da tushe, ko da yake akwai ƙa'idojin da ke barin mutum ya yi aiki bai rasa komai ba. Shi ya sa yarjejeniyar ta sa dole a zaunar da iyali a yi musu wannan lissafin dalla-dalla. Hukumomi uku da a da kowace ke harkar gabanta, ta ilimi da ta farfaɗo da nakasassu ta fuskar sana'a da ta kula da masu nakasar fahimta, aka ce su haɗu kan yaro tun yana aji.

A shekarar 2014 ɗin dai Majalisar Dokokin Amurka ta yi wata dokar horar da ma'aikata, WIOA, wadda ta bi wannan layi a ƙasa baki ɗaya. Ta ce hukumomin sana'a na jihohi su ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke ba su don ɗaliban da ba su fita makaranta ba, kuma ba za a sa ɗan ƙasa da shekara 25 a aikin ƙasa da mafi ƙarancin albashi ba sai an nuna an fara gwada masa sauran hanyoyi.

Bayan an sa hannu

Ɓangaren makaranta ya fi saurin gyaruwa. A 2019 kotu ta sallami birnin Providence daga yarjejeniyar bayan an gamsu da sauyin da aka yi a Birch. Ɗalibai ba su da yawa, suna gini ɗaya, hukuma ɗaya ce ke riƙe da su.

Ɓangaren manya ne ya ba da wuya. Rufe ɗaki umarni ɗaya ne, amma samar wa mutum 2,000 aiki ɗaya bayan ɗaya yana buƙatar masu rakiya, masu rakiya kuma suna buƙatar albashin da zai riƙe su. Shekara da shekaru jihar tana biyan cibiyoyi kuɗin da bai isa su yi gasa da kantuna da gidajen abinci wajen ɗaukar ma'aikata ba, sai ya zama mai koya wa wani aiki shi ma yana neman inda zai koma. Alƙalin da ke riƙe da shari'ar, John McConnell, ya sha jan kunnen jihar, har da barazanar tara. Annobar korona ta zo ta ƙara dagula lissafi. A 2021, ana dab da zaman tuhumar jihar da raina umarnin kotu, ta amince ta ɗaga albashin waɗannan ma'aikata zuwa dala 18 a awa a 2022, sannan dala 20 a 2023.

Kada kuma a ɗauka duk iyaye sun yi murna. Akwai wanda ɗansa ya shekara 20 a killataccen wuri, can abokansa suke, can ya san kowa, motar wurin tana ɗaukarsa tana dawo da shi. Yanzu an ce ga aikin awa 10 a mako a wani kanti, sauran kwanakin fa? Ga mai nakasa mai tsanani, wanda ko gwajin ma bai samar masa wuri ba, tambayar ta fi zafi. Ban ga laifin uwar da ta ce da babu gara ba daɗi ba. Abin da zan ce kawai shi ne hujjarta ta fi ƙarfi a kan ɗan shekara 45 da ya riga ya saba, ta fi rauni a kan ɗan shekara 14 da ba a gwada shi da komai ba tukuna, kuma kuskuren Birch shi ne ta yi wa na biyun hukuncin na farkon.

A 2022 Rhode Island ta soke izinin biyan mai nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi a dokarta. Jihar Oregon, inda aka yi irin wannan shari'a, ta sasanta tata tun 2015. Sashe na 14(c) kuwa yana nan a dokar tarayya, jihohi da dama suna aiki da shi. Wa'adin shekara 10 na yarjejeniyar Rhode Island ya cika a 2024 ba a kammala duk alkawuran ba, sai aka ƙara wa kotu lokacin sa ido har zuwa 2026.